Kai mage Ingila daga Najeriya: kago kai tsaye zuwa Landan ko hanyar Faris?

Tsakiyar watan Yuni wata ƙanwata ta kira ni, ta samu gurbin karatu a Ingila za ta tafi watan Satumba, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce Yaya don Allah ya kika yi kika tafi da Zuma, ni fa ba zan iya barin tawa ba. Zuma magena ce, 'yar gida ce ba wata mai tsada ba, tun tana 'yar ƙarama na tsince ta a bayan shagon mai wanki a unguwarmu ido duk kwantsa, kuma yanzu haka tana nan kwance kusa da hita. Na san akwai masu cewa haba a kan mage za a yi wannan wahalar, to wanda ya shekara biyar yana ciyar da rai ɗaya, tana jiran shi bakin ƙofa kullum, shi ya san abin da ake ji.

Hanya biyu ce mutane suke bi in Ingila za su. Ko a ɗora magen a kago, wato a matsayin kaya a ƙasan jirgi, daga Legas ko Abuja ta sauka Landan kai tsaye, ko kuma ka riƙe ta a jaka cikin jirgi zuwa Faris ko Amsterdam daga can ka ƙarasa da mota ko jirgin ruwa. Dalilin da ya sa hanya ta biyun ta samu shi ne dokar Birtaniya ba ta yarda dabba ta shigo ƙasar tana cikin fasinjoji ba, dole sai a matsayin kago, in ba karen da ke yi wa makaho jagora da ire-irensa ba. Amma kafin ma a zo zaɓen hanya akwai aikin da duk wacce ka bi sai ka yi shi, kuma nan ne mutane suka fi faɗuwa.

Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da Birtaniya ko Tarayyar Turai suka sassauta wa, saboda ciwon haukan kare yana nan a wurinmu har yanzu. Don haka abu huɗu ne a jere kuma ba a tsallake ɗaya ko a juya su. Na farko maikirocif. Wani ɗan abu ne kamar ƙwayar shinkafa, likitan dabbobi yana tura shi da allura mai ɗan kauri a ƙarƙashin fata wajen tsakanin kafaɗu, Zuma ko kuka ba ta yi ba, ta dai juyo ta kalle shi. Ba shi da batir, kuma ba ya nuna inda dabba take, mutane da yawa suna ɗauka kamar tiraka ce ta mota, a'a, lamba ce kawai guda 15 a ciki, in aka goga sikana a wuyan sai ta yi ƙara lambar ta fito. Ka tabbatar irin wanda ya dace da ma'aunin ISO 11784 da 11785 ne, don shi sikanar can take karantawa. Na biyu allurar haukan kare, kuma sai dabbar ta kai sati 12 da haihuwa. Sharaɗin da ke kama mutane shi ne dole cif ya riga allura shiga, ko a yi su rana ɗaya amma a fara da cif. Ni nan aka cuce ni, wani asibitin dabbobi da na fara zuwa suka yi mata allura suka ce cif ɗinsu ya ƙare in dawo wani satin, na dawo aka saka, sai da muka yi kusan wata guda wani likita daban ya duba katin ya ce Hajiya wannan allurar a wurin Turawa kamar ba a yi ta ba, don ba abin da ke nuna wannan magen aka yi wa. Haka muka sake daga farko, wata guda ya tafi a banza.

Na uku gwajin jini don a ga ko allurar ta kama, wanda likitoci suke ce wa taita. Sai an cika aƙalla kwana 30 bayan allura sannan a ɗebi jinin, a aika wani dakin gwaji da Tarayyar Turai ta amince da shi, akasari waje ake turawa, akwai na Onderstepoort a Afirka ta Kudu, akwai na Nancy a Faransa, akwai na Weybridge a Ingila. Sakamakon dole ya kai 0.5 IU/ml ko ya wuce, in bai kai ba sai a sake allura a sake ƙirga kwana 30. Na huɗu jira ne zalla, wata 3 daga ranar da aka ɗebi jinin, ba daga ranar da sakamako ya dawo ba. To yi lissafi, in aka saka cif aka yi allura 10 ga Afrilu, jini sai 10 ga Mayu, tafiya kuma sai 10 ga Agusta ko bayan haka. Wata huɗu kenan in komai ya tafi daidai ba tangarɗa. Yawancinmu kuwa sai biza ta fito muke tuna mage, lokacin saura sati uku tafiya. Wanda ya yi ganganci ya tafi da ita haka, za su iya killace ta har wata 4 kuma kai za ka biya kuɗin, ko su mayar da ita inda ta fito.

Daga ɓangarenmu kuma akwai takardar izinin fitar da dabba daga sashen likitocin dabbobi na gwamnatin tarayya a Abuja, sannan jami'an NAQS, wato masu kula da shige da ficen dabbobi da tsirrai, suna filin jirgi za su duba. Satifiket ɗin lafiya na Birtaniya kuma dole likitan gwamnati ya sa hannu da hatimi, kuma kwana 10 kacal yake da shi kafin dabbar ta isa. Shawarata a nan, duk takardar da aka miƙo maka ka zauna ka karanta lambar cif ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ka haɗa ta da abin da sikana ta nuna a gabanka. Ana rubuta 7 kamar 1, ana tsallake sifiri guda, kuma lamba ɗaya ta isa ta ɓata aikin wata huɗu.

To yanzu kago. Abin da ya fi komai daɗi a cikinta shi ne gajarta, jirgi daga Legas ko Abuja zuwa Landan awa shida da wani abu ne, takardar shiga ƙasa ɗaya ce, ba sauka a wani wuri. Mutane suna jin kalmar kago sai hankalinsu ya tashi, suna ganin kamar za a jefa ta cikin akwatuna ne. Wurin da ake saka dabbobi a ƙasan jirgi ana daidaita iska da ɗumi a cikinsa, da duhu, kuma gaskiya ya fi inda fasinjoji suke shiru. Kejin dole ya bi ƙa'idar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, mai ƙarfi, wanda za ta iya miƙewa tsaye ta juya ta kwanta ba takura, da kwanon ruwa a maƙale jikin ƙofa yadda za a zuba daga waje. In jirgi ya sauka filin jirgin Heathrow na Landan ba kai za ka ɗauke ta wajen jakunkuna ba, mota ce ke kai ta cibiyar karɓar dabbobi da ke gefen filin jirgin, a can za a fito da ita a ba ta ruwa, a goga sikana, a bi takardu, sannan kwastan su sake ta, kuma wannan yana cin awoyi da dama. Ni na zauna a ɗakin jiransu tun hantsi har bayan la'asar, shayi kofi uku na sha, duk ƙofar da aka buɗe sai na miƙe. Da aka fito da kejin tana can ƙurya ta dunƙule a kan tsohon ɗankwalina da na shimfiɗa mata, na kira sunanta sai ta yi wani siririn kuka da muryar da ta dishe, wallahi sai da na yi hawaye.

Matsalar kago kuɗi ne, ba zan ɓoye ba. Ba nauyin magen ake aunawa ba, girman keji ake lissafawa, ga kuɗin ejan a Najeriya don yawancin kamfanonin jirgi ba sa karɓar bukin ɗin dabba daga hannun mutum kai tsaye, ga ejan a Landan da zai yi kiliyarin, ga kuɗin cibiyar. Ni abin da na biya na Zuma ya wuce kuɗin tikitina. Abu ɗaya da zai rage maka, in ƙaura kake yi ka cika fom ɗin ToR1 na hukumar harajin Birtaniya tun kana gida ka saka dabbar a cikin kayanka, in sun amince ba za a caje ka harajin shigo da ita ba. Sai kuma batun ejan, kar ka bai wa wanda kawai ka gani a Instagram kuɗinka, ka tambaye shi dabba nawa ya taɓa kaiwa Birtaniya, ya nuna maka kwafin takardun jirgi na baya, ka ji ko ya san dokar wata 3 ba tare da ka faɗa masa ba. Duk wanda ya ce maka zai iya gyara kwanan wata a kati, tashi ka bar wurin, don ranar ɗibar jini tana jikin sakamakon dakin gwaji kuma ba shi ya rubuta ba.

Akwai kuma dokar kwana 5. Dabbar dole ta isa cikin kwana 5 kafin isarka ko bayan isarka, in ya wuce haka sai a ɗauke ta kamar ta kasuwanci, dokokin su canza, kuɗi da takardu su ƙaru. Wato tunanin bari in tafi in zauna in ya so bayan wata biyu a turo min ita, ba haka kawai yake ba.

Hanyar Faris ko Amsterdam kuwa ita ce zuciya ta fi so, don magen tana ƙarƙashin kujerar gabanka, kana jin motsinta, kana iya zura yatsa ta jikin ragar jakar ta shinshina. Air France da KLM da Lufthansa suna karɓar mage ko ƙaramin kare a cikin fasinjoji in nauyinta haɗe da jaka bai wuce kilo 8 ba, kuɗin da ake biya ma kaɗan ne in ka gwada da kago, sai dai ka yi bukin da wuri don akwai iyakar dabbobin da ake ɗauka a jirgi ɗaya. Amma fa ba a buɗe jakar har a sauka, kuma wajen bincike sai ka fito da ita ka rungume ta ka wuce ta ƙofar na'ura yayin da jakar ke bi ta cikin injin, cikin hayaniyar filin jirgin Legas, mage mai tsoro tana iya kufcewa a nan, don haka a saka mata ɗamarar ƙirji da igiya tun daga gida.

Bayan ka sauka nan aikin yake. Ka shigo Tarayyar Turai kenan, sai ka je wurin kwastan da satifiket ɗin lafiya na Turai, wanda daban yake da na Birtaniya, wato takarda biyu za ka sa a cika maka a gida kuma kowacce kwana 10 ne. Jirgin ƙasa na Eurostar da ke zuwa Landan daga Faris ba ya ɗaukar dabba. Abin da ake yi shi ne a samu mota daga Faris zuwa Calais da ke bakin teku a arewacin Faransa, tafiyar kamar awa uku, a tsaya ofishin duba dabbobi su goga sikana su bi takardu, sannan motar ta shiga jirgin ƙasan LeShuttle da ke bi ta ƙarƙashin teku, minti 35 kun fito Folkestone a Ingila. Ba a shiga da ƙafa, dole da mota, to ko ɗan'uwa ya tuƙo daga Ingila ya zo ya ɗauke ku ko ka ɗauki hayar tasi ta masu dabbobi, ita ma ba arha ba ce. In ta Amsterdam ka bi akwai jirgin ruwan Stena Line daga tashar Hoek van Holland zuwa Harwich a Ingila da ke karɓar fasinjan ƙafa da dabbarsa, akwai kuma na DFDS da ke kwana a ruwa zuwa Newcastle, wanda ya fi dacewa da mai zuwa arewacin Ingila.

Ga abin da Turawan da ke yabon wannan hanya ba sa ambata, don su bai shafe su ba: biza. Bizar Birtaniya ba ta ba ka damar fita daga filin jirgin Faris. Mai koren fasfo sai ya nemi bizar Shengen daban, wato ta shiga ƙasashen Turai irin Faransa da Holand, da neman ranar ganawa da kuɗinta da inshora da jira, kuma ba tabbas za a bayar, duk a daidai lokacin da kake fama da taka bizar da haɗa kaya da sallama da dangi. Ka ƙara da akwatuna biyu manya, jakar baya, mage a hannu, wataƙila da yaro, kana neman direba a garin da ba ka jin yarensu. In aka tara kuɗin biza da tasi da LeShuttle da wataƙila kwanan otal, ratar da ke tsakaninta da kago ta ragu sosai. Ita magen ma da ake tausayi, maimakon awa shida da 'yan awoyin jira, ta koma kusan kwana guda cur a cikin jaka mai taushi, ba ta ci ba, ba ta zagaya ba, don mage ba ta yarda ta yi fitsari a inda ba ta sani ba.

Saboda haka ni a ganina mai fasfon Najeriya da ke da lafiyayyar mage 'yar gida, kago ta fi masa, nesa ba kusa ba. Inda nake juyawa in ce a bi ta Turai shi ne in magen mai gajeren hanci ce, irin Fashiyan ɗin nan masu fuska a baje da suka cika gidaje a Kano da Abuja yanzu. Numfashinsu dama da ƙyar ne, zafi da firgici suna iya toshe shi, shi ya sa kamfanonin jirgi da yawa ba sa yarda su saka su a ƙasan jirgi sam. Haka tsohuwar mage ko mai ciwon zuciya ko ƙoda, gara tana kusa da kai. Wanda kuma dama yana da bizar Shengen mai rai ko fasfo na biyu, ko yana da yaya mai mota a Kent, yankin Ingila da Folkestone take, to shi hanyar Faris ta zame masa sauƙi. Mai babban kare ba shi da zaɓi ma, kilo 8 ta fitar da shi, kuma kowane kare, babba ko ƙarami, akwai ƙarin maganin tsutsar ciki mai sinadarin praziquantel da likita zai bayar tsakanin awa 24 zuwa 120 kafin shiga Birtaniya a rubuta a takarda, sannan akwai nau'in da aka haramta kamar Pit Bull da XL Bully.

Masu zuwa Amurka lissafinsu daban ne, mage ba ta da wuya sosai a can, amma kare tun 1 ga Agusta 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta tsaurara, sai ya kai wata 6, da cif, da fom ɗinsu, kuma wanda ya fito daga ƙasa irin tamu sai ya sauka a filin jirgin da ke da cibiyar da suka yi wa rajista.

Ko wacce ka zaɓa, kar a ba ta maganin barci. Mutane suna ganin taimako ne, amma yana sa ƙarfin gudun jininta ya yi ƙasa kuma a sama ba mai lura da ita, kamfanonin jirgi ma suna iya ƙin karɓar dabbar da suka ga an bugar. Abin da ke aiki shi ne sabo. Ka sayi kejin wata biyu kafin tafiya ka ajiye shi a ɗaki a buɗe, kana saka mata abinci a ciki, har ta fara kwana a ciki da kanta. Mu da muka taso daga Kano kuma sai mun fara kai ta Abuja ko Legas, ni da asuba muka kama hanya da mota mai AC, na rufe kejin da zani mara nauyi, muka kwana biyu a gidan goggona a Abuja ta huta kafin ranar jirgi.

Sai ka tambayi mai gidan da za ka kama haya a can tun kafin ka biya, a rubuce, don gidaje da yawa da hostel ɗin ɗalibai ba sa yarda da dabba, kuma ba abin da ya kai ka sha wannan wahalar ka iso a ce ba za ta shiga ba ciwo. Da kun isa ka yi wa lambar cif ɗin rajista da adireshinka na can, don tun 10 ga Yuni 2024 doka ce a Ingila duk magen da ta kai sati 20 ta kasance da cif mai rajista, tarar tana kaiwa fam 500. Allurar haukan kare kuma kar ka bari ta ƙare ko da kwana ɗaya, muddin ana sabunta ta a kan lokaci gwajin jinin nan ba a sake shi.

Ita ƙanwar tawa da muka zauna muka ƙirga, an saka wa tata cif da allura 20 ga Yuni, jini 20 ga Yuli, ba za ta iya shiga Ingila ba sai 20 ga Oktoba, ita kuma karatu Satumba. Ta yi shiru a waya har na ɗauka layin ya yanke. Na ce mata ki tafi abinki, ki bar ta wurin Umma da autanmu tunda dama ta saba da su, ki samu gidan da aka yarda da mage, in kin dawo hutun Disamba sai a cika satifiket ku koma tare a Janairu ta kago, kin ga dokar kwana 5 ma ba ta kama ki ba. Kejin ta riga ta saya, yana tsakar ɗakin Umma a buɗe, jiya ta turo min hoton magen ta shiga rabi tana cin kifi.